Ranar da Baffa ya binciki asalin Turanci

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, bai taɓa sayen saniya ba sai ya ji wace ce uwarta, kuma daga wane garke ta fito. In aka zo neman auren wata a danginmu, shi ake turawa bincike, ya tafi har Kafin Hausa don kawai ya ji labarin kakan yaro. A unguwarmu a Haɗeja ana tsokanarsa cewa ko tsintsiya zai saya sai ya tambayi asalinta. Shi kansa jikan makiyaya ne. Kakansa ya biyo ciyawar fadama da shanu ya zauna, ko kalma ɗaya ta Hausa ba ya ji. Mu kuwa da muka taso, ko kalma ɗaya ta Fillanci ba mu ji.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai na ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai mata a Kano, aka kuma ce Turanci zan koyar in na gama. Baffa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce wa innata, "Larabci na san daga inda ya fito. Shi wannan da za a ba shi yarinyar nan, ɗan gidan wa ne?" Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ya kiran sunana, ba ya ma yi mini magana sai ta bakin wani. Na san halinsa sarai. In binciken bai yi masa ba, karatuna ya ƙare ke nan.

Aka aika wa malaminmu na Turanci, wani dogon mutumin Birniwa mai gardin Barbarci a Hausarsa. Ya zo ran Juma'a bayan la'asar, a ƙarshen damina, ruwa ya cika fadama, kekensa duk laka. Ya tarar Baffa ya tara ƙannensa biyu da limamin unguwa a zaure, ga goro a faifai, sak zaman neman aure. Ina daga bayan ƙofa, kunya kamar ta kashe ni. Malam kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya tuɓe takalmi ya zauna a matsayin wakilin ango.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "Turanci zamani uku ya yi. Kakanninsa ba sarakuna ba ne. Manoma ne da masunta da makiyaya, daga bakin teku wajen ƙasar Jamus, inda ƙasa ke jiƙe kamar fadamarmu. Sama da shekara dubu ke nan suka shiga jiragen ruwa suka haye wani tsibiri."

Ya nemi a kira ni. Na shigo na durƙusa a bakin ƙofa, ya buɗe wani littafi ya karanta Turancin mutanen nan na farko. Ni da nake ta ɗaya a aji, ko kalma ban tsinta ba. Wata magana ce mai kauri, daga can cikin maƙogwaro, kamar ta tsoho mai kiran shanu daga nesa. Duk zatona Turanci haka ya sauko a goge, kamar rigar Di'o, Baturen mulki. Ban taɓa tunanin harshe yana da ƙuruciya ba, balle a ce wasu mutane sun yi faɗa da rarrashin yara da wannan ƙarar, suka mutu, kuma ga muryarsu a zaurenmu.

"Ta ji?" Baffa ya tambayi Malam, bai dube ni ba.

"Ba ta ji ba. Ko Di'o aka kawo ba zai ji ba."

Liman ya ce, "Ikon Allah."

Malam ya ci gaba. Mahara suka zo daga arewa, suka zauna, suka yi auratayya, suka bar kalmominsu. Daga baya masu Faransanci suka ci ƙasar da yaƙi, zamani na biyu ke nan. Kusan shekara ɗari uku fada da kotu Faransanci suke yi, malamai suna rubutu da wani tsohon harshe, Latin, aka bar wa talakawa Turanci. "Mai kiwon saniya da Turanci yake kiranta," in ji Malam. "In aka yanka ta, naman ya isa gaban sarki, sai ya koma sunan Faransanci. Har gobe haka sunayen suke."

Ƙaramin ƙanen Baffa ya dakata da taunar goro. "Harshen Razdan? Na 'yan kiwo?"

"Shi fa."

Malam ya karanta Turancin zamani na biyun. A nan na fara tsintar kalma ɗai-ɗai, kamar ka hango ɗan'uwa a ɗaya gaɓar kogi, ka gane tafiyarsa amma ba ka ga fuskarsa ba. Sai zamani na uku: aka samu injin buga littafi, bakin mutane ya sauya yadda yake furta kalmomi, jiragen ruwa suka kai harshen duniya, duk inda ya sauka sai ya kwaso wani abu. Sunan sukari da na auduga ma, in ji Malam, daga Larabci suka biyo hanya suka isa gare shi. Liman ya gyara zama ya ce, "Ashe har gidanmu ya shigo."

Ni kuwa mamaki ya cika ni, amma ina lissafi irin na Baffa: an ci shi da yaƙi, ya gauraya da kowa, babu ƙofar da bai roƙi abu ba. Na ga Baffa ya mayar da masu neman aure a kan abin da bai kai wannan ba. Na so Malam ya ɗan rufa wa ango asiri, shi kuwa ya zazzage komai.

Baffa ya dubi Malam.

"Malam, wato jikan ba ya jin maganar kakan?"

"Ba ya ji, ranka ya daɗe."

"Kuma sunan gidan bai ɓace ba?"

"Bai ɓace ba."

Ƙannensa suka sunkuyar da kai. Can Baffa ya sa hannu ya tura faifan goro gaban Malam. "Makiyayi ne da ya shiga birni," ya ce. "Na san irinsu. Mun ba shi." Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, ni ma na shafa, hawaye na zuba a tafin hannuna.

Ran tafiyata, da safe, an ɗora akwatina a mota, sai Baffa ya fito ƙofar gida. Ya dube ni ido da ido, abin da bai taɓa yi ba, ya yi mini wata doguwar magana da Fillanci. Ban taɓa jin harshen a bakinsa ba sai ran nan. Ya gama, ya juya ya shige zaure.

Da na dawo hutu na tambayi innata, ta ce, "Ni Bahaushiya, ina na ji?" Shi kuwa 'yar fari ba ta tsayar da ubanta ta ce ya maimaita. Bayan rasuwarsa na kai wa wata tsohuwa mai tallar nono abin da ya rage a kunnena, ta saurara da kyau, ta ce ya riga ya narke, ba ta gane komai ba.

Na yi shekaru ina koyar da zamunan nan uku, har tsohon Turancin na iya fassarawa. Duk sanda na karanta wa ɗalibaina shi suka yi tsuru-tsuru suna kallona, muryar Baffa nake ji a ƙofar gida.