Lambar da Aka Kankare

Ba ya gaisuwa, kuma bai damu a sani ba. Ina tsaye da rediyona a rumfarsa ta gyara a kasuwar Jimeta, ko ɗagowa bai yi ba. Siriri ne mai furfura, tabarau ɗaure da zare. Yadda yake jera kusoshi a murfin gwangwani, ina zaton tsohon ma'aikacin gidan waya ne.

A gabansa akwai allon lantarkin injin ban ruwa. Mai injin, wani manomin shinkafa daga Njuwa, yana ta murza hularsa. Kwana huɗu gonarsa ba ta sha ba. Kamfanin da ya ƙera injin ya dafe allon da baƙin ƙaro, ya rubuta cewa wakilinsu na Legas kaɗai ke da izinin buɗewa.

Da reza mai gyaran yake ɓantare ƙaron. Ya kai ga abin da ya ƙone, sai ga lambar da za a nemo madadinsa da ita an kankare.

"Kawu, shinkafarka za ta jira Legas?" ya tambayi manomin.

"Ba za ta kai Juma'a ba," in ji manomin.

Sai mai gyaran ya miƙe, ya ɗaga allon ga sauran masu gyara. "Duk mai mataccen allo irin wannan ya kawo mini yanzu. Wataƙila akwai wanda suka manta ba su kankare ba."