Garwashin Inna Tabawa

Har gobe ba na mantawa da ranar da ma'aunina ya nuna mini tsohuwa guda, ita kaɗai a gidanta, ta fi gida mai cike da yara ƙona itace.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ga yadda muke yi a lokacin. Ina ƙaramar ma'aikaciya a wani porje, wato shirin raya karkara, na murhun laka mai tattalin itace, aka tura ni wani ƙauye a yankin Guna bayan kaka. Da safe in auna itacen da gida ya tanada, washegari in auna abin da ya rage, in tambayi gawayi da kara. Shef ɗinmu a Damagaram, Malam Bukar, shi ke lissafa yawan hayaƙin da gidan ke turawa sama a shekara, irin wanda ke ƙara wa duniya zafi. Gidan da ya fi ƙonawa shi ake fara gina wa murhu.

To, gidan Inna Tabawa ne ya zo kan gaba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, tuwonta ko ƙaramar tukunya ba ya cikawa. Na kira Malam Bukar a waya, ya tuntsire da dariya. "Zainabu, ko ma'auninki ya lalace, ko tsohuwar nan burodi take gasawa a ɓoye. Koma ki zauna ki gani da idonki."

Na koma da albishir ɗin murhu, Inna ta ce atafau ba ta so. Na shimfiɗa tabarma na zauna. Can sai ga mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da murfin kwano, sun zo ɗiban wuta. A gaisa, a taɓa hira, a kwashi garwashi a fita. Ita kuwa Inna sai tura gungume take cikin murhun duwatsu, tana tari, idanu jawur, don kada wata ta zo ta rasa.

"Inna, hayaƙin nan zai ƙarar da ke," na ce.

"'Yar nan, an ce murhunku da an sauke tukunya wuta ta mutu. Ba ni da hatsin kyauta, ba ni da goro, garwashin nan kaɗai gare ni. Ran da ya mutu, wa zai ƙara leƙo ni?"

Wallahi tausayi ya kama ni.

Na fito tare da maƙwabciyarta Rakiya. Tana gyara goyo sai wani abu ya faɗo daga haɓar zaninta. Kwalin alimeti, wato ashana!

"Ke Rakiya! Da alimeti a jikinki kike zuwa ɗiban wuta?"

Ta dafe baki tana dariya. "Madam, rufa mini asiri. Duk unguwar nan ba wadda ba ta da alimeti. In muka ce dubiya muke zuwa kullum, Inna cewa za ta yi mun mai da ita majinyaciya, ta kore mu. Wutar nan ce hujjarmu."

Ban tona ba. Na koma na ce wa Inna a gwada kawai, in mata suka daina zuwa ni da hannuna zan fasa murhun. Rakiya da sauran matan suka kwaɓa laka, muka gina. Na nuna mata yadda za ta binne garwashi cikin toka ya kwana, ba sai da gungume ba.

Da na dawo awo na biyu, itacenta ya ragu har Malam Bukar ya sake zargin ma'aunina. Tarin ma ya yi sauƙi. Abin da na koya ke nan: ma'auni zai gaya muku nawa aka ƙona, amma dalilin ƙonawar sai kun zauna a tabarma.

A safiyar da zan bar ƙauyen na shiga yi wa Inna sallama, tana ɗaki tana lazimi. Na tarar da Rakiya durƙushe gaban murhu, ashe ranar garwashin bai kwana ba. Ta waiga, ta ƙifta mini ido, ta ƙyasta alimetinta ta hura wutar. Da ta kama, ta kwashi garwashi a murfin kwanonta, ta ɗaga murya:

"Inna, kin tashi lafiya? Na ɗebi wuta, Allah ya saka da alheri!"