Ranar da Kapitan Ya Dafa Mana Shayi

A unguwar Kalley ta Yamai, bayan babbar kasuwa, akwai wata rumfar tela da muke zama ƙarƙashinta kullum bayan la'asar. Fadarmu ke nan: benci biyu, tabarma ɗaya, kaskon gawayi da butar shayi. Mun fi shekara goma sha biyar muna zama a wurin, kuma ba mu taɓa rasa abin musu ba, domin dukanmu magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ɗaya ne, ta unguwarmu, wadda ba ta cika cin kofi ba amma ta iya ta da hawan jini. Abu ɗaya ne kawai ba a gardama a kansa. Ƙaramin da ke zaune shi ke dafa shayi, ko da wata ɗaya aka girme shi.

Ni ne mai babban baki a fadar, ban musa ba. Yadi nake sayarwa a kasuwa, wuni nake ina lallashin mutane, to in na zo fada sai in huce a kan ƙungiya. Maganata ɗaya ce shekara da shekaru: ƴan wasanmu sun tsufa.

"Ekip ɗin nan gidan tsofaffi ne," nakan ce. "Masu tsaron bayanmu huɗu, in ka haɗa shekarunsu sun girmi babbar kasuwa. Kuma su ke kwashe albashi mai tsoka, yara na kashe kansu da gudu a kan kuɗin man babur."

Tela, Bazabarme ne haifaffen Yamai, a bakin kasuwa ya koyi Hausa. Yakan cire allura daga bakinsa ya ce, "Kala suru, sai haƙuri, aboki. Yara gudu suka iya. Balo ba gudu ba ne, hankali ne."

Na ukunmu direban tasi ne, mutumin Tawa, shi ne ƙaraminmu, saboda haka shi ke fama da gawayi. Shi ba ruwansa da tsufa ko ƙuruciya. "A saida kowa da kowa," yakan ce yana fifita wuta, "a sayo muna mutum guda mai iya sa balo cikin raga. Mi ad da wuya nan?" In ka tambaye shi wa zai sayi ƴan wasanmu, sai ya ce Allah ba ya rasa mai rabo.

Wanda na fi sa wa ido shi ne kapitan ɗin ƙungiyar, mai tsaron baya na tsakiya. Na san shi fiye da yadda mai koyarwarsu ya san shi. Benci ɗaya muka zauna a lakwal, makarantar boko, bulala ɗaya ta zane mu. A lokacin da nake ba da labari ina da shekara talatin da bakwai, shi kuwa a katin wasansa ashirin da biyar aka rubuta. Tun yana saurayi wani shugaban ƙungiya ya rage masa, kamar yadda aka rage wa da yawa, shekarun suka yi ta tafiya a hankali kamar jakin da ya gaji. Kowa a unguwa ya sani, ba mai cewa komai, sai ni.

Shi ma ɗan fadar ne, da shi aka kafa ta. Ran Litinin yake zuwa, washegarin wasa, ya zauna a kan bencin da ke da majingina, a miƙa masa kofin farko. Ni kuma in tare shi: "Sannu tsoho. Jiya da yaron nan ya wuce ka, na zaci za ka tsayar da tasi ka bi shi." Sai ya yi dariya ya ce, "Amma bai ci ba, ko?" Haushin da nake ji ke nan, domin galibi ba a cin. Kuma a cikin raina na san albashin da nake kira mai tsoka ba wani abu ba ne. Ɗaki biyu yake haya a Bobiel da matarsa da ƴaƴa uku, yana kuma ɗauke da tsohuwarsa da ke Saga.

Wata Litinin ya zo bai yi dariya ba. Ya ce wani dillalin ƴan wasa daga Kwatano ya kalle shi sau biyu a fili, yana son kai shi wata ƙungiya can, albashi ninki uku na nan. Mutumin ya taɓa zama a Yamai, kuma al'adarsa ce kafin ya ɗauki ɗan wasa sai ya je inda yake zama ya ga mutanensa. Ran Alhamis zai zo fadarmu.

"Wannan ce ta ƙarshe gare ni," ya ce. "Ƙafar nan ba ta da shekara biyu a gaba. In na tafi, ko fili na saya na rufa wa yara asiri." Daga nan ya juyo ya dube ni. Tela ya dube ni, direba ma ya daina fifita ya dube ni.

"Me kuke kallona?" na ce.

"Bakinka," suka ce kusan tare.

Na ji zafin maganar, amma na san baki shi ke yanka wuya. Na yi alkawari ba zan ce uffan a kan shekaru ba.

Tela ne ya tuno da abin da ya ɓace mana duka. Ya tsayar da kekensa ya ce, "To tsaya. In kapitan ashirin da biyar ne, shi ne ƙarami nan. Mutumin ya san Yamai. In ya zo ya ga direba na dafa shayi, yaro na zaune bisa benci, ya gane."

Direba ya yi tsalle kamar an ba shi kyautar mota. Shekara bakwai yana shaƙar hayaƙi, ga hutu ya zo. Ni ma na ƙara nawa: ai ba shayi kaɗai ba, dole ya kira mu yaya, kuma a ƙasa zai tsuguna. Kapitan ya ce ba komai, shayi ai ba wani abu ba ne. Muka ce ya gwada tun a ranar, ya ce shi da yake tare ƴan wasan gaba ba buta ce za ta gagare shi ba.

Ran Alhamis ya iso da kai a aske tal, gemu ya sha baƙin rini, ga wata ƴar riga mai kama jiki irin ta samari. Dillalin ya zo bayan la'asar, dattijo mai tumbi da farin takalmi, yana ɗingishi kaɗan irin na tsofaffin ƴan ƙwallo. Muka ba shi bencin majingina. Kapitan ya tsuguna gaban kasko, gwiwarsa ta yi ƙara har tela ya yi tarin ƙarya don ya rufe.

Gawayi ya ƙi kamawa. Da ya kama, shayin ya tafaso ya zube ya kashe rabin wutar, toka ta tashi. Da aka zo wajen juye shi daga sama don ya yi kumfa, rabi ya shiga kofi, rabi ya sauka a kan farin takalmin baƙo. Direba na zaune kamar ya tashi ya karɓe butar. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji.

"Ƙane, ƙara sukari," na ce.

"To, yaya," ya ce, haƙoransa a cije.

"Ƙane, wanke kofunan nan da kyau, baƙo gare mu."

"To, yaya."

Dillali ya kurɓi kofin farko, fuskarsa ba ta nuna komai ba, ko da yake ni da na kurɓa sai da idona ya kawo ruwa. Ya tambaye mu yadda muke ganin ƙungiyar bana. Na buɗe baki, tsohuwar waƙata ta taso har maƙogwaro, direba ya taka mini ƙafa. Na ce ƙungiya lafiya lau, yara ne masu jini a jika. Tela ya sunkuyar da kai cikin ɗinkinsa, kafaɗunsa na motsi.

Ana cikin zagaye na biyu na shayin, kapitan ya yunƙura zai miƙe ya kawo tire. Ya dafa gwiwa da hannu ɗaya, ya dafa bango da ɗayan, ya saki wani "wash, Allah!" wanda ba mai yin irinsa sai wanda ya kai ƴaƴa makaranta. Dillali ya ajiye kofinsa a hankali.

"Na daɗe ina shan shayi a garin nan," ya ce. "Yaron fada mai shekara ashirin da biyar ido rufe yake dafa shi. Hannun nan ya fi shekara goma bai riƙe buta ba." Sai ya juyo gare ni. "Kai, an ce mini ba ka ɓoye magana. Shekarunsa nawa?"

 Na dubi kapitan. Gumi ya narkar da rinin gemunsa, baƙin ruwa na gangarowa ta wuyansa zuwa cikin ƴar rigar. Mutumin da filin wasa ke tashi tsaye in ya fito, ga shi riƙe da tire yana jiran abin da zan ce. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, duk daɗin da nake ji ya gudu. Ba na son in yi ƙarya, ba na kuma son in zama wanda ya rufe masa ƙofa.

Shi ya fid da ni. Ya ajiye tiren ya ce, "Ku bar shi, alhaji. Talatin da bakwai ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wa dillalin, to an ji, talatin da bakwai, sai me? Ya je ya tambayi ƴan wasan gaba na garin nan wanda ya taɓa wuce shi sau biyu a wasa ɗaya. Na ba shi labarin ranar da aka kori ɗan wasanmu tun farko, kapitan ya tsare baya shi kaɗai kamar mutum uku. Na ba shi labarin ranar da ya buga da ɗinki a goshi. Na ce yaran da nake yabo, in ba ya bayansu yana yi musu tsawa, ko inda za su tsaya ba su sani ba. Na yi ta zuba har muryata ta dushe. Da na waiga, tela ya saki baki, allura ta faɗi.

"Kai ne kuwa?" direba ya ce.

Dillali ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce shi ma ya yi shekara tara yana ɗan ashirin da biyu. Amma ya faɗi gaskiya: ƙungiyar da ta aiko shi yaro take nema wanda za ta sayar gaba, don haka wannan magana ta mutu. Ya goge takalminsa, ya yi mana sallama ya tafi. Ba wanda ya nemi zagaye na uku.

Sati biyu kapitan bai leƙo fada ba. Na je kallon wasa ran Lahadi amma bai yi mini armashi ba. Musu ma ya ƙi daɗi, domin in na ce ƙungiya ta tsufa sai tela ya ce, "A'a, mun ji ka ran Alhamis."

A sati na uku ya iso da rana tsaka, kafin ma a shimfiɗa tabarma. Dillalin ya kira shi. Akwai wata ƙaramar ƙungiya can wadda masu tsaron bayanta duk yara ne, ana ɗura musu ƙwallo kowane mako, babba suke nema na shekara ɗaya. Albashin bai kai na farko ba, amma ya ninka na nan. Sharaɗi ɗaya ne, ya zo da takardunsa na gaskiya.

Takardar haihuwarsa tana Saga, a ƙasan akwatin tsohuwarsa, naɗe cikin wani tsohon zane. Ya kawo ta fada don tela ya duba ko ba ta lalace ba. Tela ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi, ya tsaya, ya dube ni, ya tambayi watan haihuwata. Na faɗa. Ya sake duba takardar, sai ya kwanta a kan tabarma yana dariya. Ashe kapitan ya girme ni da wata huɗu. Ni kuwa tun muna lakwal nake cewa ni ne babba, don na fi shi tsawo, kuma bai taɓa musa mini ba.

Ran tafiyarsa muka raka shi tasha da safe a tasin direba. Da muka sauka ya nuna babbar jakarsa ya ce, "Ƙane, ɗauko."

Na ɗauka. Nauyi gare ta kamar an cika ta da shinkafar Saga, kuma ina jin an cika ɗin. Na saɓa ta a kafaɗa na bi bayansa cikin mutane har bakin mota, tela da direba na biye suna yi mini kirari. Da ya sa ƙafa a matakala na so in faɗa masa wata magana mai kyau, wadda ta dace da shekara talatin na zama tare, amma bakin nan nawa da ba ya gajiya ya ƙi buɗuwa.

"Yaya," na ce, "ka kula da gwiwar nan."

Ya ce to, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Mota ta tashi. Na tsaya a wurin har sai da direba ya zo ya ja rigata, ya ce fasinja na jiransa a gari.