Lambun Wiebe

Shekara ashirin Wiebe yana kula da sito a kamfaninmu na famfo a garin Leeuwarden. Da za mu buɗe reshe mai cin gashin kansa a Suwidin, ni na lallaɓe shi ya tafi.

"Wata shida kacal," na ce. "Lambunka kuwa, bar shi a hannuna."

Lambun na ƙungiyar unguwa ne, kowa da ɗan yankinsa, wanda ya bar ciyawa ta cinye nasa ƙwacewa ake yi. Sau biyu na leƙa. Aka ƙwace, aka ba wani.

Shekara tara ke nan, duk waya sai ya tambaya, "Maigida, ya bishiyar tuffata?" In ce tana nan lafiya.

Jiya ya kira. Ya yi ritaya, Asabar zai dawo, har ya sayi sabuwar fartanya.