Saura Kaɗan da Filin Ƙarshen Layi

Duk wanda ya taɓa hawa bas ɗin da ke zuwa ƙarshen layi ya san direbanta, ko da bai san sunansa na yanka ba. Saura Kaɗan ake ce masa. Ka tambaye shi yaushe mota za ta tashi, saura kaɗan. Yaushe za a gyara kujerar nan mai cizon mutane a cinya? Saura kaɗan. Ko matarsa ta ce yaushe zai ajiye tuƙi ya huta, amsar ke nan, sai ta ja tsaki ta ce Allah ya shirya.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da tawul a wuya ko ana zafi ko ana sanyi. Tun gashinsa na baƙi yake jan wannan layi: daga tashar tsakiyar gari ya bi ta kasuwa, ya wuce asibiti, ya sauke ma'aikatan gidan ruwa, daga nan kuma mota ta zama wayam, daga shi sai kujeru. A ƙarshen layin babu komai sai rumfar kwano guda da wani fili shimfiɗaɗɗe, kore shar, iya ganinka. Amma kullum, ko babu fasinja ko ɗaya, sai ya taka birki ya ɗaga murya: "Sabuwar unguwa! Masu sauka a sauka!" Tsuntsaye su watse, shi kuma ya zauna yana gina garinsa ta taga. Nan makaranta, can shaguna, gefen bishiyar can kuma gidan Auta.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, ita kaɗai ta rage masa a garin. Mijinta mai walda ne, hannunsa na da kyau, amma ba shi da wurin kansa. A bakin titi yake aiki, yau a kore shi daga nan, gobe a kore shi daga can. Ɗaki ɗaya suke haya a bayan wani shagon taya, gado da kwanuka da injin walda duk wuri guda. Ga kuma 'yarsu, wadda ta ci sunan mahaifiyar Saura Kaɗan, shi ya sa ba ya kiranta komai sai Uwata. Yayan mai waldan da ke wani gari mai nisa ya matsa masa ya tattara ya koma can. In sun tafi kuwa, da Uwata za su tafi. Wannan magana ita ce ta tsaya wa tsohon a rai.

Ana cikin haka sai labari ya ɓulla: hukumar tsara gari za ta zaɓi ƙasar da za a gina gidaje da wuraren sana'a. An tankaɗe an rairaye, wurare biyu suka rage. Ɗaya filin ƙarshen layi, ɗayan kuma harabar wasu tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya a ɗaya ɓangaren garin, a layin da Dogo ke ja. Dogo kuwa abokin tsokanarsa ne a tasha, kullum suna kamar kaza da kyankyaso.

Auta ta zo gida ta ce, "Baba, maigidana ya ce za mu dakata mu ji hukuncin hukuma. In akwai wurin da zai kafa injinsa, mun zauna."

Wayyo, ka ga mutum ya koma yaro! Saura Kaɗan bai ji komai a maganar ba sai "filina". Daga ranar babu fasinjan da ya huta. Mai zuwa asibiti da ciwon haƙori ma sai ya sha bayanin iskar filin da faɗinsa. A tasha ya tare Dogo ya ce, "Kai da kangayenka na ɓeraye, wa zai kai iyalinsa can?" Dogo ya ce, "A juri zuwa rafi dai, gajere."

Sai ga babban rabo. Manajan tasha ya kira shi ya ce 'yan hukumar za su je duba wuraren biyu, kuma motarsa za su hau. Ya wanke bas ɗin nan har ƙarƙashin kujeru, ya ɗaure kujera mai cizo da waya, ya sa matarsa ta goge masa tawul. Ta ce, "Malam, tawul ake gogewa? Ka dai bi a hankali, zumuɗin nan naka ya fara ba ni tsoro."

Da safe suka hau, maza da mata da takalman roba, shugabarsu wata mace mai tabarau da ba ta cika magana ba. Aka fara da ɗakunan ajiya. To, a nan fa tsohon ya nuna hali. Duk ramin da ke hanyar Dogo sai da ya saka taya a ciki, yana cewa, "A yi haƙuri, manya, haka hanyar nan take, ba ta da mutunci." Suka sauka suna dafe da ƙugu, suka zagaya, suka ƙwanƙwasa bango, suka leƙa rufi. Shi ko yana ta hamma da ƙarfi don a ji.

Da aka juya zuwa nasa layin, sai mota ta koma tafiya kamar an shafa wa titi mai. Ko ruwan da ke kofi ba zai zube ba. Suna isa rumfar kwano, fili ya buɗe, an yi ruwa shekaranjiya, ciyawa sai sheƙi take. Wani daga baya ya ce, "Kai, wurin nan da kyau!" Zuciyar Saura Kaɗan ta yi tsalle.

Shugabar ta ce, "Baba direba, tsaya nan, za mu taka da ƙafa."

"Haba, ranki ya daɗe! Ina raye ku taka da ƙafa? Bari in kai ku gindin bishiyar can, daga nan ake ganin komai."

"Baba, da ka..."

Ina! Ya riga ya murɗa sitiyari. Abin da bai taɓa faɗo masa a rai ba shi ne, duk tsawon shekarun nan daga kan kujerarsa ya san filin. Bai taɓa sa ƙafa a cikinsa ba, balle taya. Mota ta yi gaba kaɗan, ta yi wani luƙus, ta zauna. Ya ba ta wuta, taya ya juya a banza, taɓo ya yi sama ya rufe tagogin da ya kwana yana gogewa. Ya ƙara wuta, ta ƙara nutsewa. Kwaɗi suka fara tsalle ta ko'ina. Ashe koren nan da ya ɗauke masa hankali ruwa ne kwance a ƙarƙashi.

Shugabar ta sauka, taɓo ya kai mata ƙwauri. Ta duba ƙasa, ta duba abokan aikinta, ta ce, "Dama muna zargin haka, mun yi niyyar haƙawa mu gani. Baba ya hutar da mu." Babu wanda ya yi dariya, sai da Dogo ya iso da motarsa da igiyar ja. Shi kam har da riƙe ciki.

Saura Kaɗan ya koma gida da taɓo har wuya, tawul ɗin ma ba a magana. Bai ci abinci ba. Ya zauna a bakin gado ya ce wa matarsa, "Da hannuna na kori 'yata daga garin nan. Da hannuna." Kunya ta ishe shi, baƙin ciki ya fi kunyar. Kwanaki ya yi yana kaiwa ƙarshen layi ya juyo shiru, ko tsuntsu bai tasa ba.

Ranar da hukuma ta sanar cewa ɗakunan ajiya ta zaɓa, yana tsakar gida yana wanke ƙafa sai ya ji an banko ƙofa. Auta ce, mayafi a hannu, tana haki, mijinta na biye da Uwata a kafaɗa.

"Baba! Baba, ka ji? Ba za mu tafi ba!"

Ya ɗago a hankali. "Ke, ba ki ji daidai ba. Filin ya faɗi."

Mai walda ya durƙusa, bakinsa har kunne. "Baba, ai ɗakunan nan da rufinsu da wutarsu. An ce su za a fara rarrabawa a ba masu sana'a irinmu, gidaje su biyo baya. Da filin aka zaɓa, kafin a cike shi a ja masa wuta, da mun daɗe da tafiya."

Auta ta ce, "Wa ya ce maka sai filinka, Baba? Wuri na ce maka, wuri kawai!"

Tsohon ya dube su, buta a hannu, ruwa na zuba a ƙasa bai sani ba. Matarsa ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Yau ga ranar taɓo!" Sai ya fashe da dariya, hawaye na bin kumatunsa, ya fizge Uwata daga kafaɗar ubanta yana juyi da ita a tsakar gida.

Ranar hutunsa ta gaba ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya hau motar Dogo a matsayin fasinja, Uwata a cinya. Motar cike take da kafintoci da teloli da makanikai, kowa zai je ganin wurin. Dogo ya leƙo ta madubi ya ce, "Gajere, ka riƙe kujera, hanyata ba ta da mutunci."

Uwata ta ja masa tawul. "Kaka, yaushe za a gina gidanmu?"

Kafin ya buɗe baki, motar gaba ɗaya ta amsa: "Saura kaɗan!"

A ƙofar harabar, Dogo ya taka birki, shi kuwa ba ya sanar da tasha. Tsohon ya daure, ya daure, ya kasa. Ya miƙe da jikarsa a hannu ya ɗaga murya: "Sabuwar unguwa! Masu sauka a sauka!"

A wannan karon kuwa, mutane suka sauka.