Obadiya Mai Ƙayar Beguwa

Shekara talatin da takwas Obadiya Tsabari yana hawa bas ɗin farko daga unguwarmu zuwa gidan adana kayan tarihi na nan Urushalima, da burodi da zaitun a leda. Ɗakin aikinsa ko taga babu. Masu tonon kufai su kawo masa tsoffin kuɗin tagulla da suka daskare da ƙasa, ya duƙa da ƙayar beguwa yana karcewa, don ƙarfe yana ji wa tagulla ciwo. Kwana da kwanaki kafin hoton reshen dabino ya fito a jikin kuɗin, ko laimar sarki, ko zangarniyar sha'ir uku. Sai malamai su rubuta littafi da sunan kansu.

Matarsa Mazal ce ta tsegunta min wannan, ni kuwa cikina ba ya riƙe magana. Wani farfesa ya hango ɗan ƙullutu a jikin wani kuɗi, ya rantse kan sarki ne, har ya gayyato 'yan jarida.

"Obadiya, ɗan zurfafa nan, hancin ya fito."

"Farfesa, sarakunan wannan zuriyar ba su buga fuska a kuɗi ba. Rumman ne tsakanin ƙaho biyu."

"Kai da ko sakandare ba ka gama ba? In ba ka iya ba, akwai masu neman kujerarka."

"Kujerar a ba su. Hanci dai ba zan sassaƙa wa rumman ba."

Mako uku Obadiya yana kan kuɗin, ido na ruwa, Mazal na kuka a kicin ɗina tana cinye min biskit. Rumman ya fito har da ɗan kambinsa. Ba a kore shi ba, ba a kuma ba shi haƙuri ba. Farfesan ya daina amsa gaisuwarsa shekara tara.

Kai ne, Obadiya, ka ƙi yi wa matattu ƙarya alhali ba mai tashi ya ƙaryata ka. Yanzu ka ajiye aiki, idon ya tafi, shekel ma, kuɗinmu na yau, sai ka shafa kafin ka ba mai kifi.

Mun gode, maƙwabci. Ku masu sauran gani, in babba ya ce ku ƙara wa abu hanci, ku tsaya inda tagulla ta tsaya. Ni na gaji da rubutu, hannuna ya sage.