Katakon da Na Kafa wa Baba a Bango

Ko da me zan manta a rayuwata, ba zan manta da ranar da aka sallamo mahaifina daga asibiti ba.

Baba kafinta ne. Tun yana saurayi ya baro Bida ya zauna a Minna a kan wannan sana'a, kuma ba ya ɗaukar wasa a wurin aiki. Ni kuwa hannuna bai taɓa faɗawa a katako ba. Karatu na yi na zama malamin firamare a Kuta, har na girma yana kallona a matsayin wanda ya guje wa sana'ar gida. Da ciwon ido ya ci ƙarfinsa aka yi masa aiki, aikin bai yi nasara ba. Likita ya gaya wa yayata, wadda ke jinyarsa, cewa ba zai ƙara gani ba.

Ranar wata Alhamis ta kira ni a waya. "Gobe bayan la'asar za a sallame mu," in ji ta. "Sau biyu yana faɗuwa a hanyar banɗaki. Ya ƙi sanda, ya ƙi a riƙe masa hannu. Jiya har ture ni ya yi."

A nan dabara ta faɗo mini: in kafa siririn katako a jikin bango, daidai ƙugu, tun daga ƙofar ɗakinsa, ya ratsa falo, ya karya kwana zuwa banɗaki, yadda zai riƙa bin sa da hannu ba sai an ja shi ba. Da sassafen Juma'a na iso gidanmu a unguwar Limawa, katako ɗaure a saman Keke Napep. Da Inna ta ga na jawo akwatin kayan aikin Baba daga ƙarƙashin gado, sai ta dafe ƙirji.

"Ka san fa ko ni ba ya bari in taɓa akwatin nan."

"Idan ya tambaya, Inna, ki ce kwalliya aka yi wa falo."

Na ja zare na shata layi da alli, na yi bismillah. Ƙusar farko ta lanƙwashe. Ta biyu ta ɓalle siminti kamar faɗin tafin hannu. Sai na tuna yadda na taɓa ganin Baba yana huda bango ya cusa guntun itace, sannan ya buga ƙusa a cikinsa. Haka na riƙa yi, rami bayan rami, har hannuna ya yi bororo. Wurin kwanar ne ya fi ba ni wuya. Dole a yanka bakin katako biyun a karkace don su haɗu su rufe. Sau uku ina yankawa, kowane karo sai in ga tazarar da yatsa zai shiga. Na je masallacin Juma'a na dawo, ban iya tuna ko kalma ɗaya daga huɗubar ba.

Ina kan yanka na huɗu yayata ta sake kira ta ce sun fito. Hadari ya haɗu, falo ya yi duhu, ga shi babu wuta. Na hau buga ƙusoshin ƙarshe cikin sauri. Ɗaya daga ciki, dab da kwanar, ta tarar da dutse ta ƙi shiga. Maimakon in zare ta, sai na kwantar da kanta a jikin katakon, na ce ai ba wanda zai gani. Har yau ina mamakin wautata. Na manta cewa wanda na yi wa aikin ba da ido zai duba shi ba.

Baba ya shigo da baƙin tabarau, ya rame ƙwarai. Yana taka falo ya tsaya cak ya ɗaga hanci.

"Ƙanshin sabon katako nake ji."

Inna ta fara maganar kwalliya. Bai kula ta ba. Ya lalubi bango har hannunsa ya sauka a kan katakon. Ya shafa samansa, ya shafa ƙasansa, ya matso ya gwada tsayinsa da ƙugunsa. Sai ya fara tafiya a hankali, yatsunsa na bin katakon. Ba wanda ya yi motsi a cikinmu. Ina kallon hannunsa yana kusantar ƙusar nan, na san in na yi magana na tona kaina, in na yi shiru zai ji ciwo. Kafin in zaɓa, ya fizge hannunsa. Jini ya tsattsafo a yatsarsa.

Yayata ta yi salati ta nufo shi, ya ɗaga mata hannu ta tsaya.

"Wa ya yi aikin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Da kayan wa?"

"Da naka."

Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Can ya ce, "Don makaho ka yi shi, ko?"

Tun da abin ya same shi ba wanda ya taɓa furta kalmar nan a gabansa. Na ce, "E, Baba. Don kada ka faɗi."

"Ɓalle min shi, daga kwanar nan zuwa ƙofa."

Na ɗauki guduma na ɓalle, zuciyata ta gama karyewa. Ina ajiye katakon sai na ji ya ce, "Kawo min kujera. Ka ɗauko zarto." Ya ɗora tafukansa biyu a kusurwar bangon ya shafa. "Bangon nan a karkace yake, tun ranar gini na gaya wa magini. Lissafin makaranta ba zai haɗa maka shi ba, malam. Ɗora ɗaya a kan ɗaya, ka zana inda suka haɗu."

Ina yanka yana saurare da kunne. "Kana danne shi. Sassauta, bar zarto ya ci da kansa." Da na haɗa bakin biyun suka rufe ruf. Ya sa na bi kowace ƙusa na nutsar da kanta cikin katako, shi kuma yana bi da babbar yatsa yana dubawa. Ana kiran magariba ya miƙe, ya je banɗaki ya yi alwala ya dawo shi kaɗai.

"Ya yi ƙasa kaɗan," in ji shi, "amma a bar shi haka."

Inna ta juya ta shige kicin tana share ido da gefen mayafi.

Shekara shida ya yi yana bin katakon nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Abin da na koya a ranar shi ne, idan za ka taimaki mutum, kada ka yi a ɓoye kamar ka riga ka cire shi daga lissafi. Ka gaya masa gaskiya, ka nemi shawararsa. Ido kawai Baba ya rasa, amma da ni da Inna da yayata mun kusa mu ƙwace masa sauran da sunan tausayi.